Me ya sa mawaƙanmu ke sauya harshe in sun shiga sitidiyo?

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga malamai da masu jin waƙa. Me ya sa yaro zai tashi a nan ƙasar Gumel ko ta Haɗeja, ka san bakinsa ka san bakin ubansa, amma ran da ya shiga sitidiyo a Kano sai waƙarsa ta fito da wani harshe daban? Ba Hausar garinsu ba ce, kuma in ka kasa kunne ba ta mutanen Kurmi ko Fagge ba ce. Wata Hausa ce da ba wanda ke cinikin gero da ita. A ja magana ta hanci, a lanƙwasa ta irin na Indiya, a watsa "bebi" nan da can. Dole ake yi musu, ko su ne ke jin kunyar bakinsu?

Mai Cajin Waya:
Wa alaikumus salam. Yaya, ba kunya ba ce, kasuwa ce. Ni da nake tura wa mutane waƙa a memori duk ranar Alhamis na ga abin da idona. Yaro zai zo ya ce a sa masa sababbi. In ka haɗa masa da wadda aka ji ƙauyanci a bakin mawaƙin, wani makon zai dawo ya ce goge. Shi ma fa daga ƙauye ya taho a kan babur. Amma dattijo in ya zo Shata yake nema, ko Ɗanƙwairo, ko Haruna Uji, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Hausarsu ta yi masa nauyi ba.

Malamin Hausa:
Tambayar ta yi kyau. Kunnen nan da Mai Caji ke magana a kai ba da shi aka haifi yaran ba, gina shi aka yi. Daidaitacciyar Hausa da muke koyarwa a aji, a kan Kananci aka ɗora ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, sannan daga 1990 finafinan bidiyo suka kafu a Kano. Shekara da shekaru duk abin da ya fito daga takarda ko akwati da baki ɗaya yake zuwa. Dole yaro ya ɗauka wannan shi ne bakin wayayyu, nasa kuwa na gona ne.

Amma ku lura da manyan makaɗan da. Narambaɗa yana yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, bai taɓa gyara bakinsa don mutumin Kano ya gane ba. Ɗanƙwairo haka. Mu ne muka bi su, har yau ɗan Kazaure na rera "munka" da "shina" yana jin daɗi, ba tare da ya taɓa taka Zamfara ba. Kuma ba taurin kai ne kawai ya hana su sauyawa ba. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi. "Munka" gaɓarta ta farko mai nauyi ce, "muka" kuwa duka biyun marasa nauyi ne. Ka cire ta Sakkwato ka sa ta Kano, layin ya gurgunce, kotso ya wuce ya bar ka. Wato karin harshen a cikin ƙashin waƙar yake, ba riga ba ce da za a tuɓe a ƙofar sitidiyo.

Bazamfaren Kasuwar Shanu:
Allah shi yi ma albarka Malam. Mu dai halshenmu munka sani, shi muka waƙa da shi. Wanda bai gane ba shi tambaya a hwaɗa mai.

Mai Cajin Waya:
Alhaji, kai da yaranka ke zuwa wurina neman waƙoƙin Kano? Ka bari kawai.

Mai Fiyano:
Tunda sana'ata ake taɓawa bari in sa baki. Na yi zaman sitidiyo a Kano kafin in dawo gida in buɗe ɗan nawa. Ba wanda ke tsare yaro ya ce sai ka bar Hausar garinku. Yadda aikin yake ne. Mawaƙi zai zo da amshi a bakinsa, ya rera, in nemo masa kiɗa a fiyano, mu tsayar da saurin bugun. Daga nan kiɗan ya zama sarki, na'ura ba ta jiran kowa. Sai ya sa abin ji a kunne ya hau kai. Duk kalmar da ba ta shiga ba, ko ya ja ta, ko ya datse ta, ko ya nemo wata. Sau da yawa guntuwar kalmar Turanci ce ke cike gurbin. Bayan haka a bi muryar da na'urar gyara, ta goge duk wani kaushi. To a cikin kaushin nan ne ake jin mutum ɗan ina ne.

Kuma kar a manta, yaron a kan waƙoƙin waɗanda suka riga shi ya koyi rerawa. Tun kafin ya zo wurina ya riga ya ari bakinsu.

Baba Tsohon Direba:
Yaro ka faɗi gaskiya, kuma a nan ɓarnar take. A da baki ne gaba, kiɗa na biye. Na ga wasan Shata da idona lokacin da muke dakon gyaɗa. Yana faɗar magana, kalangu na maimaita ta, har kana iya jin abin da ganga ke cewa ko ya yi shiru. In ya ga dama ya tsaya ya yi wa wani zambo, makaɗa su jira shi. Yanzu kun ɗaure mawaƙi a bayan inji. Allah ya jiƙan Shata, tun 1999 da ya tafi ban ƙara jin wanda ganga ke wa biyayya haka ba.

Mai Fiyano:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma Shata da jama'a nawa yake tafiya? Makaɗa, 'yan amshi, sanƙira, mota. Yaron yau da kuɗin awaki biyu zai fitar da waƙa. Fiyanon nan da kuke zagi shi ya buɗe wa ɗan talaka ƙofa.

Ɗalibar Dutse:
Ina neman afuwar iyaye da yayye, amma abin nan ba a kanmu aka fara ba. Mawaƙan Ingila na shekarun 1960 da yawansu da bakin Amurkawa suke waƙa, don daga can salon kiɗan ya zo musu, da shi suka koya. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 wasu matasa suka yi tawaye suka koma rerawa da bakin unguwannin Landan da gangan. Har gobe in ka ji mawaƙiyar Ingila Adele tana hira ka ji tana waƙa, sai ka ce mutum biyu ne. Kowane salon kiɗa da bakin da yake tahowa da shi. Namu na soyayya daga finafinan Indiya ya ɗauko sawu, shi ya sa ya zo da hancinsa.

Sai dai akwai bambanci, Malam zai gyara mini. Bature in ya ja wasali don waƙa ma'ana ba ta cika lalacewa ba. Mu kuwa tsawon wasali da hawa da saukar murya su ne ke rarrabe kalma da kalma. Shi ya sa wani lokaci za ka ji waƙa daga farko har ƙarshe, Hausa ce, amma sai ka nemi rubutunta kafin ka san me aka ce.

Malamin Hausa:
Babu gyara, 'yata. Gwanin mawaƙi yana neman karin da zai tafi tare da karin sautin maganar, ko aƙalla kada su yi karo a wurin da ma'ana take. Wanda ya ɗauko karin da aka yi wa harshen Hindi ya cusa masa Hausa, dole wani wuri ya take kalma. Akwai masu iyawa a cikin na zamani, kada mu yi musu kuɗin goro. Ku saurari Aminu Ala, da fiyano yake aiki amma ba ka rasa kalma ɗaya, don ya san ma'aunin rubutacciyar waƙa.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Ni gaurayen harshe bai dame ni ba, don ba baƙo ba ne. Malamanmu na da suna buɗe waƙa da Larabci, su shiga Hausa, su rufe da Larabci. 'Yan gidan Shehu Usmanu, irin su Nana Asma'u, sun yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Masu Ishiriniya da Burda har yau da bakin Bahaushe suke karanta Larabcin, ba wanda ya ce sun yi laifi. Hatta karin Indiyan ma, a Kano an yi ƙungiyar masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙar fim su ɗora yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Malamai sun yi ta saɓani a kai. Abin dubawa shi ne me aka faɗa da harshen, ba wane harshe ba ne.

Ɗan Maigatari:
Allah gafarta Malam, wancan ai sun san Larabcin. Na yanzu wani ko gaisuwa ba zai iya kammalawa da Turanci ba, amma rabin amshinsa Ingausa ne.

Ɗan Acaɓa:
Ni waɗanda ke ba ni haushi 'yan Jos da 'yan kudu ne masu gambarar zamani. Ba ƙa, ba ɗa, ba ɓa, mace ta koma namiji, namiji ya koma mace. Gwaranci zalla, kuma wai su ne ke wakiltar Arewa a Legas.

Ɗalibar Dutse:
Haba Yaya. Na farko dai kalmar nan ba ta dace ba, sunan ƙabila ce guda da muke zaune lafiya da su. Na biyu, wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce ya zaɓi ya yi waƙa da ita, riba muka ci ko asara? Funmi Adams ta yi waƙoƙin Hausa ana sa su a talabijin, iyayenmu har yau suna tunawa. Ɗan Maraya a Bukur aka haife shi, a Jos ya yi rayuwarsa har ya rasu a 2015, wa ya isa ya ce bai wakilci Hausa ba? Rashin bambanta mace da namiji a wasu wurare kuwa, je ka Zariya ko Bauci ka ji Hausawan asali. Kuma mu da muke juya "p" ta koma "f" in mun ari Turanci, da wane baki za mu yi wa wani dariya?

Ɗan Acaɓa:
To 'yar boko, na ji. Amma dai ƙa ƙa ce.

Bamange:
Tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba. Kuna ta cewa gauraye, gauraye. Ni tambayata, da wane harshe ake gaurayawa? Turanci, Indiyanci, Larabci, wani lokaci buroka ko Yarbanci. Duk na nesa. A jihar nan tamu ta Jigawa akwai Fulani a kowace ƙaramar hukuma. Akwai mu Mangawa a wajen Birniwa da Malam Madori da Kirikasamma. Akwai Badawa a wajen Guri. Kasuwa ɗaya muke ci, muna auratayya. A cikin waƙoƙin da Mai Caji ke turawa, a nuna mini guda ɗaya da mawaƙin Hausa ya sa baiti ɗaya na Manganci. Yaronmu ma in ya tashi waƙa ba zai sa ba. Zai bar Manganci ya kama Hausa, ya bar Hausar Haɗeja ya kama ta Kano, ya bar ta Kano ya kama Turanci. Kowa sama yake kallo. Don haka kukan da Ɗan Maigatari ke yi wa Hausar garinsu, mu mun daɗe da yin irinsa, kuma Hausar ce ta yi mana abin da Turanci ke yi muku.

Baba Tsohon Direba:
Kai. Wannan magana ta yi nauyi.

Malamin Hausa:
Ta yi nauyi kuma gaskiya ce, ba zan kare mu ba. Mutanen Auyo suna da harshensu, Auyakanci, ɗan'uwan Badanci ne. Yau babu mai magana da shi, ya tafi, Hausa ta shanye shi. Haka na Shira da na Tashena a ƙasar Katagum. Ba yaƙi aka yi ba, ba doka aka kafa ba. Iyaye ne suka ga harshen kasuwa ya fi amfani, yara suka tashi ba su ji ana waƙa ko tatsuniya da na gida ba. Abin da ya sa nake ɗaukar zancen waƙa da muhimmanci ke nan. Yaro yana iya ƙin karanta littafi, amma ba ya ƙin amshi. Harshen da aka daina rerawa da shi a dandali ya kama hanya.

Mai Fiyano:
Malam, kada a ɗora wa mawaƙi kayan da ba nasa ba. Shi abinci yake nema. Fela ya iya Yarbanci, ya iya Turancin Ingila don a can ya yi karatun kiɗa, amma ya zaɓi buroka saboda ɗan Ibo da ɗan Gana da ɗan Kamaru su ji shi. Ba wanda ya ce ya ci amanar Yarbawa. In yaro ya yi waƙa da Manganci, mutum nawa za su saya?

Bamange:
Manganci ai reshen Barbarci ne, ka taɓa ƙirga Barebari daga Gumel zuwa Maiduguri zuwa Diffa? Sannan Indiyancin da kuke kwaikwayo, mutum nawa ke jin sa a garin nan? Finafinan da ake fassarawa ma, magana ake juyawa zuwa Hausa, waƙar a bar ta yadda take, kuma mata na bin ta baiti-baiti. Ashe ba sai an ji harshe ake son waƙa ba. In ta Bombay ta shiga ba tare da tafinta ba, me zai hana ta Birniwa?

Mai Cajin Waya:
Nan kam Bamange ya kama ka, Mai Fiyano. Samarin Fulani da ke kawo shanu suna tambayata waƙoƙin Fulatanci na Adamawa da Kamaru, kuma na ga Hausawa na cewa a tura musu su ma, don kiɗan ya yi musu. Na Nijar ma suna tafiya sosai a nan bakin iyaka, da "lakwal" ɗinsu da "jandarma" ɗinsu. Ba wanda ya taɓa dawo mini da su.

Ɗalibar Dutse:
Lata Mangeshkar da ake kwaikwayon muryarta, harshen gidansu Marati ne, ta yi waƙa da harsuna sama da 30, yawancinsu na ƙasarta. Angelique Kidjo ta Jamhuriyar Benin tana yi da Fon da Yarbanci da Faransanci da Turanci, kuma da na gidan ta yi suna a duniya. Mun ɗauki hancin Indiyawa mun bar wannan ɗabi'ar tasu ta shiga harsunan maƙwabta.

Baba Tsohon Direba:
A Sudan ma akwai wata tamu, A'isha Falatiya, jinin mutanen ƙasar nan ce da suka zauna a hanyar Makka. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Omdurman, tana yi da Larabcinsu, tana yi da Hausa. Tsofaffin alhazan da suka bi ta ƙasa suna ba da labarinta.

Inna Mai Ƙwarya:
Sannunku da hira 'ya'yana, jikata ce ke rubuta mini. Duk kun manta da mata. Mu a amada ba mu taɓa sauya baki ba. Yadda muke magana a tsakar gida haka muke waƙa, da habaicinmu da komai. Barmani Coge da bakin Funtuwa ta yi har ta koma ga Allah, Uwaliya da bakin Kano. In muka je bikin Fulani mukan sa musu 'yar kalma tasu su yi ta murna suna liƙi. Abin da ya kashe mu shi ne mai sifika. Yanzu uwar amarya sai ta kira yaro da na'ura, ya kunna abin da ake kunnawa a Kano da Kaduna, bikin Babura da na Gwaram duk ɗaya. An kai wata nawa ba a kira mu ba sai suna.

Ɗan Maigatari:
Allah ya ƙara lafiya Inna. Wannan ma wani gefen ne da ban hango ba.

Ɗan Acaɓa:
Inna ki yi haƙuri, amma amarya ce ke cewa ita mai sifika take so.

Inna Mai Ƙwarya:
Na sani ɗan nan. Ita ma sama take kallo, kamar yadda wancan ya ce.

Mai Fiyano:
To ni dai ba na son a tashi a ce mu ne masu laifi. Wanda ya zo da bakinsa ya tsaya a kai, ba zan goge masa ba. Ana iya ɗaukar murya tukuna sannan a bi ta da kiɗa, yadda Baba yake so, sai dai ya fi cin lokaci kuma sai mawaƙin da ya riƙe bugu a kansa. Gurmi ko ƙwarya ma ana iya ɗauka kai tsaye a haɗa da fiyano. Ba a nema ne.

Bamange:
Akwai ɗan ƙanwata da ke waƙa a bukukuwa, yana yi da harsunan biyu. In na kawo shi za ka ɗauka, amshi da Manganci, baitoci da Hausar Haɗeja, ba tare da ka ce ya gyara ba?

Malamin Hausa:
In za a yi, ina so in ga baitocin kafin a shiga. Ba don in mayar da su Kananci ba, don ma'auni kawai. Kuma a nemi Inna ta zo da ƙwaryarta.

Mai Cajin Waya:
Ni kuma zan sa ta a memorin duk wanda ya zo ranar kasuwa, mu ga ko za a dawo a ce in goge.

Mai Fiyano:
Ka kawo shi ranar Asabar bayan la'asar. Aikina kyauta, amma in ba wuta kuɗin man janareta naku ne, kuma Inna a ɗauko ta a mota, kada a ɗora ta a bayan Ɗan Acaɓa da ƙore a hannu.